Tarihin Robert Koch, likitan da ya gano ƙwayar cutar tarin fuka

A yammacin ranar 24 ga watan Maris na shekara ta 1882, wani likita Bajamushe mai shekaru 38 da haihuwa ya tsaya a gaban wani ƙaramin taron masana a birnin Berlin, ya jera madubin likita da kwalabe a kan tebur, sannan ya nuna musu ƙwayar halittar da ke haddasa cutar tarin fuka. Sunansa Robert Koch. A wancan zamani, cutar ce ke sanadin mutuwar mutum ɗaya daga cikin kowane mutum bakwai a nahiyar Turai.

Shekaru takwas bayan haka, shi dai wannan likita ya sanar da duniya cewa ya samo maganin cutar. Maganin bai yi aiki ba, har ma ya gaggauta mutuwar wasu marasa lafiya. To sai dai daga cikinsa ne aka sami tushen gwaje-gwajen da ke dogara ga garkuwar jikin ɗan Adam wajen gano tarin fuka, ciki har da gwajin jinin da ake yi a asibitoci a yau. Amfanin waɗannan gwaje-gwaje da kuma rauninsu, musamman idan cutar ta bazu a cikin jiki, duk sun fara bayyana tun Koch yana raye.

Ƙuruciya da karatu

An haifi Robert Koch a ranar 11 ga watan Disamba na shekara ta 1843 a garin Clausthal, wani gari na masu haƙar ma'adinai a tsaunukan Harz da ke ƙasar Jamus ta yanzu. Mahaifinsa jami'i ne a ma'aikatar haƙar ma'adinai, kuma Robert shi ne na uku a cikin 'ya'ya goma sha uku. Yana da shekaru biyar ya koya wa kansa karatu ta hanyar duba jaridun da ake kawowa gida.

A shekara ta 1862 ya shiga jami'ar Göttingen, inda ya karanta aikin likita. Daga cikin malamansa akwai Jacob Henle, wanda tun a shekara ta 1840 ya rubuta cewa wasu ƙananan halittu masu rai ne ke haddasa cututtuka masu yaɗuwa. A lokacin ba a sami wanda ya tabbatar da wannan ra'ayi ba, kuma likitoci da yawa sun fi ɗora laifin cututtuka a kan gurɓatacciyar iska ko gado daga iyaye.

Koch ya kammala karatu a shekara ta 1866. A shekara mai zuwa ya auri Emmy Fraatz, wadda ta haifa masa 'ya ɗaya mai suna Gertrud. Ya yi aiki a birnin Hamburg da wasu ƙananan garuruwa ba tare da ya sami wurin da ya zauna da gindinsa ba, sannan ya ba da kansa a matsayin likitan soja a yaƙin da aka yi tsakanin Jamusawa da Faransa a shekara ta 1870. A shekara ta 1872 aka naɗa shi likitan gunduma a garin Wollstein, wanda a yau yake cikin ƙasar Poland.

Likitan karkara

Wollstein yanki ne na manoma da makiyaya, kuma cutar antiras, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, tana yawan kashe musu tumaki da shanu, wani lokaci har da mutane. Koch ba shi da ɗakin bincike, ba shi da laburare, ba shi kuma da abokan shawara. Ya keɓe wani sashe na gidansa, yana duba marasa lafiya da rana, idan ya sami sarari kuma ya koma kan madubinsa.

Wasu masana sun riga shi ganin wasu halittu masu kama da sanduna a cikin jinin dabbobin da cutar ta kashe. Abin da Koch ya ƙara shi ne hujja. Ya riƙa ɗibar jinin saifar matattun dabbobi da tsinken itace yana sa wa ɓeraye, suna mutuwa da irin wannan cuta. Ya raini ƙwayoyin a wajen jiki, a cikin ruwan idon sa, ya kuma ga yadda suke rikiɗa su zama ƙananan tsaba masu jure fari da sanyi. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa makiyaya ɗaya take ci gaba da kashe dabbobi shekara da shekaru.

A shekara ta 1876 ya kai sakamakon aikinsa wurin Ferdinand Cohn, malamin ilmin tsirrai a jami'ar Breslau, wanda ya gamsu ya kuma buga shi a mujallarsa. Nan take sunan likitan karkara ya shiga bakin masana. A shekara ta 1880 aka kira shi Berlin domin ya yi aiki a hukumar kiwon lafiya ta daular Jamus.

A Berlin ya sami mataimaka irin su Friedrich Loeffler da Georg Gaffky. Tare suka ƙirƙiro hanyar rainon ƙwayoyin cuta a kan abu mai daskarewa, tun daga yankakken dankalin Turawa har zuwa wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, wanda Fanny Hesse, matar ɗaya daga cikin abokan aikinsa, ta ba da shawarar amfani da shi saboda ta san shi a girki. Da wannan hanya aka iya raba kowace ƙwayar cuta da 'yan uwanta a yi nazarinta ita kaɗai.

Farautar ƙwayar tarin fuka

Tun a shekara ta 1865 wani likitan sojan Faransa mai suna Jean-Antoine Villemin ya nuna cewa ana iya sa wa zomaye tarin fuka daga jikin mutum. Amma babu wanda ya ga abin da ke ɗauke da cutar. Ƙwayar tarin fuka siririya ce ƙwarai, tana da ɓawo mai maiƙo wanda ba ya karɓar rini da sauƙi, kuma tana da jinkirin girma. Yayin da wasu ƙwayoyin cuta ke ninka kansu cikin mintuna ashirin, ita takan ɗauki kusan sa'o'i ashirin.

Koch ya fara aikin a shekara ta 1881. Ya sami haɗin rini iri biyu da ya sa ƙwayoyin suka fito shuɗaye a kan naman da ya rine ruwan ƙasa. Ya raine su a kan ruwan jinin dabbobi da aka daskarar da zafi, ya jira kimanin makonni biyu kafin ya ga sun fara tsirowa. Daga nan ya yi wa ɓerayen Masar allurar abin da ya raina, suka kamu da tarin fuka. Matakan nan uku, wato ganin ƙwayar a jikin mai cuta, da rainonta ita kaɗai, da sake haifar da cutar da ita, su suka zama ƙa'idojin da ɗaliban likita ke karantawa da sunansa har yanzu.

Daga cikin gawawwakin da ya bincika akwai na mutanen da suka mutu da wani nau'i mai tsanani na cutar. Yawanci tarin fuka yakan tsaya a huhu. Amma wani lokaci ƙwayoyin sukan ɓalle su shiga jini, su watsu zuwa hanta, da saifa, da ƙoda, da ɓargo, da mayafin ƙwaƙwalwa. Idan aka buɗe irin wannan gawa, akan tarar da gaɓoɓin cike da ƙananan ƙuraje farare masu yawan gaske, kowanne bai wuce milimita biyu ko uku ba. Likitocin Turai sun kwatanta su da tsabar gero, kuma daga kalmar Latin mai nufin gero aka samo sunan da ake kiran wannan nau'i da shi a littattafan likita. Koch ya sami ƙwayar cuta iri ɗaya a waɗannan ƙuraje, da huhun masu tari, da kumburin wuya, ya tabbatar da cewa duk cuta guda ce.

Jawabinsa na ranar 24 ga watan Maris ya fito a rubuce a ranar 10 ga watan Afrilu, ya kuma karaɗe duniya cikin makonni. Paul Ehrlich, wanda ya halarci taron, ya gyara hanyar rinin ba da daɗewa ba. Daga bisani Franz Ziehl da Friedrich Neelsen suka ƙara inganta ta, kuma da sunansu ake kiran gwajin kaki da madubi wanda ɗakunan gwaji suka dogara da shi fiye da shekaru ɗari.

A shekara ta 1883 gwamnatin Jamus ta tura shi birnin Iskandariya na ƙasar Masar, inda kwalara ta ɓarke, daga nan ya zarce zuwa Kalkata a Indiya. A can ya ware ƙwayar cutar kwalara, wadda wani Ba'italiye mai suna Filippo Pacini ya taɓa gani a shekara ta 1854 ba tare da an kula da aikinsa ba, ya kuma danganta ta da gurɓataccen ruwan sha. Ya koma gida a shekara ta 1884 aka yi masa tarba irin ta jarumi, aka ba shi kyautar kuɗi Mark dubu 100. A shekara ta 1885 ya zama farfesa a jami'ar Berlin.

Maganin da ya ba da kunya

A farkon watan Agusta na shekara ta 1890, an yi babban taron likitocin duniya karo na goma a Berlin. A gaban dubban mahalarta, Koch ya bayyana cewa ya sami wani sinadari da ke tsayar da tarin fuka a jikin ɓerayen Masar. A watan Nuwamba ya buga sakamakon gwaji a kan mutane, amma ya ɓoye abin da aka haɗa sinadarin da shi. Kafin haka ya yi wa kansa allurar, inda bayan 'yan sa'o'i ya kamu da ciwon gaɓoɓi, da rawar ɗari, da zazzaɓin da ya haura digiri 39. Ya kuma gwada shi a kan Hedwig Freiberg, wata budurwa da ya ƙulla soyayya da ita.

Saboda sunan da ya riga ya yi, ba a tsaya neman ƙarin hujja ba. Marasa lafiya da likitoci suka yi ta kwarara zuwa Berlin daga ko'ina, aka mayar da masaukai da gidajen haya ɗakunan jinya. Daga cikin baƙin akwai wani likita daga Ingila, Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, wanda bayan ya zagaya asibitoci ya rubuta cewa yana shakkar sinadarin zai warkar, amma zai yi amfani wajen gano cutar.

Ba a jima ba murna ta koma ciki. Waɗanda aka ce sun sami sauƙi suka sake kwanciya, wasu kuma suka mutu bayan zazzaɓi mai tsanani. A watan Janairu na shekara ta 1891, Rudolf Virchow, babban masanin binciken gawa na Jamus, ya ba da rahoton abin da ya gani a jikin waɗanda suka mutu bayan an yi musu allurar. Ƙwayoyin cutar suna nan da ransu, kuma a wasu gawawwakin ya tarar da sababbin ƙuraje masu kama da gero, alamar cewa cutar ta sake bazuwa. A cikin wannan wata aka matsa wa Koch ya bayyana sirrinsa: ruwan ƙwayoyin cutar ne da aka tatsa da gilisarin. Wannan ruwa shi aka sa wa suna tuberculin.

Koch ya nemi hutu ya tafi Masar har ƙura ta lafa. Masana tarihi da suka binciki takardun gwamnatin Prussia sun gano cewa ya yi lissafin samun dukiya mai yawa daga sayar da sinadarin, amma gwamnati ba ta amince da tsarin da ya nema ba. Duk da haka, a wannan shekara ta 1891 aka buɗe sabuwar cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa a Berlin aka ba shi shugabancinta. A shekara ta 1893 ya rabu da matarsa ta farko ya auri Hedwig Freiberg, wadda ya girme ta da kusan shekaru talatin, lamarin da ya janyo masa surutu a Berlin. Har ƙarshen rayuwarsa bai daina ganin cewa tuberculin magani ne ba.

Daga magani zuwa gwaji

A cikin wannan abin kunya akwai wani binciken da ya tsaya da ƙafarsa. Koch ya lura cewa idan aka yi wa lafiyayyen ɓeran Masar allurar ƙwayoyin cutar, wurin yakan yi shiru na kwanaki kafin gyambo ya fito. Idan kuwa ɓeran ya riga ya kamu, wurin allurar yakan kumbura ya yi baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka nan a cikin mutane, ɗan ƙaramin digo na tuberculin yakan tayar da zazzaɓi ga mai cutar, alhali bai cika damun wanda bai taɓa kamuwa ba. Ma'ana, jikin da ya taɓa haɗuwa da ƙwayar yana tuna ta. Shi kansa Koch ya rubuta tun a watan Nuwamba na shekara ta 1890 cewa sinadarin zai taimaka wajen gano cutar.

Likitocin dabbobi ne suka fara cin moriyar wannan. A ƙasar Denmark, Bernhard Bang ya yi amfani da tuberculin wajen tantance shanu masu cutar a ware su daga garke. Ga mutane kuwa, sai a shekara ta 1907 wani likitan yara a birnin Vienna, Clemens von Pirquet, ya nuna cewa ba sai an tayar da zazzaɓi ba: a ɗan karce fata a ɗiga ruwan, a duba ko wurin zai yi ja ya kumbura. A shekara ta 1908 Charles Mantoux na Faransa ya gabatar da hanyar yin allurar a cikin fata, wadda ake duba sakamakonta bayan sa'o'i 48 zuwa 72. A shekarun 1930 kuma wata masaniya Ba'amurkiya, Florence Seibert, ta tace sinadarin ta fitar da tsantsarsa.

Da haka hanyoyin gano tarin fuka suka rabu biyu, kuma dukansu daga hannun Koch suka fito. Ta farko ita ce a nemi ƙwayar cutar kanta. Ta biyu kuma a tambayi garkuwar jiki ko ta san ta.

Pirquet bai daɗe ba ya ga iyakar hanya ta biyu. Ya lura cewa yaron da fatarsa ta kumbura a gwaji yakan daina nuna alama idan ƙyanda ta kama shi, haka ma waɗanda tarin fuka ya ci ƙarfinsu, irin masu nau'in nan mai kama da gero. Dalilin a bayyane yake. Gwajin yana auna ƙarfin martanin jiki ne, kuma cutar takan bazu ne a daidai lokacin da garkuwar jiki ta gaza. Saboda haka mutumin da ya fi kowa buƙatar a gano ciwonsa da wuri shi ne wanda jikinsa zai iya kasa amsawa.

Tafiye-tafiye da shekarun ƙarshe

Bayan rikicin tuberculin, Koch ya shafe yawancin lokacinsa a ƙasashen waje. A shekara ta 1896 ya je Afirka ta Kudu domin binciken cutar bushiya, annobar da a shekarun nan ta halaka shanu a faɗin nahiyar Afirka, har da garkunan Fulani a Afirka ta Yamma. Ya yi aiki a Indiya da Afirka ta Gabas, ya kuma yi nazarin zazzaɓin cizon sauro a Italiya da tsibirin New Guinea.

A shekara ta 1901, a wani taro a birnin London, ya sake yin kuskure babba, inda ya ce tarin fukan shanu ba shi da wani haɗari sosai ga mutane. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa yara na kamuwa da shi ta hanyar shan ɗanyen madara. A shekara ta 1905 aka ba shi lambar yabo ta Nobel saboda aikinsa a kan tarin fuka.

Daga shekara ta 1906 zuwa 1907 ya jagoranci wata tawaga zuwa tsibiran Sese da ke tafkin Victoria, a ƙasar Yuganda ta yanzu, inda ciwon barci ke kashe dubban mutane. A can ya riƙa yi wa 'yan Afirka allurar wani magani mai ɗauke da gubar arsenik, mai suna Atoxyl, yana ƙara yawansa fiye da kima. Allurar tana da zafi ƙwarai, wasu daga cikin marasa lafiyar suka makance, wasu kuma suka gudu. Ya kuma ba da shawarar a killace masu cutar a sansanoni, abin da hukumomin mulkin mallaka na Jamus suka aiwatar a yankunansu. Ita kanta cibiyar da ke ɗauke da sunansa ta amince cewa wannan shi ne lokaci mafi muni a tarihin aikinsa.

A watan Afrilu na shekara ta 1910 ya gabatar da jawabinsa na ƙarshe a Berlin, a kan yaɗuwar tarin fuka. 'Yan kwanaki bayan haka ya sami bugun zuciya. Ya mutu a ranar 27 ga watan Mayu na wannan shekara a garin Baden-Baden, yana da shekaru 66. An ƙona gawarsa kamar yadda ya yi wasiyya, aka ajiye tokar a cikin cibiyarsa ta Berlin, wadda a yau ake kira Cibiyar Robert Koch, kuma ita ce babbar hukumar sa ido kan cututtuka ta ƙasar Jamus.

Ya mutu bai ga maganin da ya nema ba. Allurar rigakafi ta BCG ta fito a Faransa a shekara ta 1921, yayin da maganin farko mai kashe ƙwayar cutar, wato streptomycin, aka fara ba mutane shi a shekara ta 1944. Kafin wannan lokaci, kusan duk wanda tarin fuka ya bazu a jikinsa mutuwa yake yi.

Gadonsa a gwajin jini

Gwajin fata yana da matsaloli. Dole mutum ya koma asibiti bayan kwana biyu ko uku, kuma wanda aka yi wa allurar BCG fatarsa na iya kumbura ko da bai kamu ba. Don haka masana suka daɗe suna neman hanyar da za a yi wa jini irin wannan tambaya a cikin kwalba.

Hanya ɗaya ita ce neman sinadaran kariya da jiki ke zubawa a cikin jini. An fara gwada wannan a Faransa tun a shekara ta 1898, kuma daga baya kamfanoni suka cika kasuwannin ƙasashe masu tasowa da irin waɗannan kayan gwaji. Sakamakonsu ya kasance ba abin dogaro ba: sukan ce mai cuta lafiya lau yake, su kuma ɗora wa lafiyayye cuta. A watan Yuli na shekara ta 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a daina amfani da su wajen gano tarin fuka, kuma a shekara ta 2012 Indiya ta haramta su.

Hanya ta biyu ta fi kusa da abin da Koch ya gani. Akan ɗebi jini a haɗa shi da wasu sinadarai na ƙwayar tarin fuka waɗanda babu su a cikin BCG, a bar shi ya kwana, sannan a auna wani sinadari mai suna interferon-gamma da fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa idan sun gane abokin gaba. An fara ƙirƙiro dabarar a ƙasar Ostireliya domin gwajin shanu. Amurka ta amince da QuantiFERON a shekara ta 2001, sannan T-SPOT.TB a shekara ta 2008.

Waɗannan gwaje-gwaje sun magance ruɗanin BCG, amma sun gaji raunin tuberculin guda biyu. Na farko, an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, kuma mafi yawansu ba za su taɓa yin ciwo ba. Idan gwajin ya nuna alama, bai bambance tsakanin wanda ƙwayar ke kwance a jikinsa da wanda ciwon ke ci. Na biyu shi ne abin da Pirquet ya gani. Tarin fuka mai bazuwa ya fi kama jarirai, da tsofaffi, da masu fama da rashin abinci mai gina jiki, da masu ɗauke da ƙwayar HIV, da masu shan magungunan da ke danne garkuwar jiki. A irin waɗannan mutane fararen ƙwayoyin jini sukan yi ƙaranci ko su yi rauni, sai gwajin ya fito babu alama, ko kuma ya fito ba a iya yanke hukunci da shi. Saboda haka sakamakon da ya ce babu bai isa a sallami mara lafiya ba. A shekara ta 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi amfani da waɗannan gwaje-gwaje wajen gano ciwon da ya riga ya tashi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Wurin da suke da amfani shi ne tantance waɗanda ke ɗauke da ƙwayar a kwance, domin a ba su maganin rigakafi.

Abin da ke ƙara wahalar da likitoci shi ne, mai irin wannan ciwo sau da yawa ba ya tari sosai, kuma kakinsa na iya fitowa babu ƙwayar. Alamunsa sukan kasance zazzaɓin da ya ƙi jin magani na makonni, da rama, da gumin dare, da kasala, waɗanda ake iya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Likita yakan haɗa hoton ƙirji da neman ƙwayar a cikin kaki, ko fitsari, ko ruwan ƙashin baya, ko ɗan yankin hanta ko ɓargo. A watan Disamba na shekara ta 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayoyin gadon cutar cikin kimanin sa'o'i biyu. A shekara ta 2015 kuma ta amince da wani gwajin fitsari da ke neman ɓurɓushin ɓawon ƙwayar, wanda ya fi aiki ga masu HIV da garkuwar jikinsu ta yi ƙasa sosai, wato waɗanda gwajin jini ya fi gazawa a kansu. Idan kuma alamu sun yi ƙarfi ga mara lafiyar da ke cikin mawuyacin hali, likitoci kan fara ba da magani tun kafin sakamako ya fito, domin jinkiri na iya zama ajali.

Duk waɗannan sababbin hanyoyi komawa ne ga ƙa'idar da Koch ya kafa a shekara ta 1882, wato a nemo ƙwayar cutar kanta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekara ta 2023 kimanin mutane miliyan 10.8 suka kamu da ciwon tarin fuka, miliyan 1.25 kuma suka mutu, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu cutar. A shekara ta 1982, shekaru ɗari cif bayan jawabin Berlin, aka ba da shawarar keɓe ranar 24 ga watan Maris domin tunawa da shi, kuma ita ce ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya da ake gudanarwa a kowace shekara.